Gasar ɗaga ƙarfe ta farko: yadda ake kauce wa jar fitila

Da yawa daga masu shiga gasar ɗaga ƙarfe karon farko ba ƙarfi ne ke gaza musu ba. Nauyin ya tashi sarai, amma fitila ta yi ja, don sun riga alƙali motsi ko ba su sauka inda doka ta ce ba. Bayanin nan bisa dokokin IPF yake, wato hukumar wannan wasa ta duniya, wadda aka kafa a 1972. Wasu hukumomin sun ɗan sha bamban da ita, don haka ka fara duba dokar waɗanda suka shirya gasarku.

Ɗagawa uku ake yi a jere: skwat, wato tsugunno da sanda a kafaɗa, sai benci, wato turo sanda daga ƙirji kana kwance, sai dedlif, wato ɗagowa daga ƙasa. Kowace tana da gwaji uku, a ɗauki mafi nauyin da ka ci a kowace a haɗa jimilla. Alƙalai uku ne, kowanne na kunna farar fitila in ka ci, ja in ka faɗi; fararen fitilu biyu sun wadatar. Wanda ya faɗi duka gwaji ukun a ɗagawa ɗaya ba shi da jimilla, ko da ya yi abin mamaki a sauran biyun.

Nan ne zaɓen nauyin buɗewa ya zama babbar magana. Idan ka faɗi gwajin farko, ba a rage maka nauyi: ko ka maimaita, ko ka ƙara. Saboda haka ka buɗe da abin da kake iya ɗagawa sau uku a jere ko ran da ba ka yi barci sosai ba, kusan kashi 90 cikin 100 na iyakarka. Mai skwat ɗin kilo 150 ya buɗe da 135, ya bi da 142.5, sannan ya dubi yadda na biyun ya tashi kafin ya ce 150 ko 152.5. Ƙarin yana tafiya da kilo biyu da rabi-rabi, kuma minti ɗaya kake da shi ka miƙa nauyi na gaba bayan ka sauka daga dandali. Ka rubuta lissafinka a takarda tun daga gida, don kan mai haki ba ya lissafi.

Kada ka yarda da lambar da ke jikin faifan nauyi na gidan motsa jikinku, balle wanda aka zuba da siminti ko aka yi wa walda. Ka ɗora shi a sikeli. Sandar gasa kilo 20 ce, makullan gefe kilo biyu da rabi kowanne, jan faifai 25, shuɗi 20, rawaya 15. Faifan gasa sirara ne, sandar kuma ba ta lanƙwasa sosai, shi ya sa dedlif ke jin kamar an kafe shi a ƙasa fiye da yadda ka saba.

Alƙalin gaba da Turanci yake ba da umarni, haɗe da alamar hannu. A skwat, ka ciro sanda, ka ja da baya taku biyu ko uku, ka miƙe gwiwoyi ka tsaya cik har ya ce "skwat". Ka sauka har saman cinya, daidai mahaɗar ƙugu, ya yi ƙasa da saman gwiwa. Daidai-wa-daida bai ci ba. Mai ɗagawa kan ji kamar ya kai alhali da saura, don haka ka ajiye waya a gefe, daidai tsayin gwiwa, ka ɗauki bidiyo a atisaye. Bayan ka miƙe kada ka taka ko'ina sai ka ji "rak". Ɗokin mayar da sanda ya cinye wa mutane gwaji mai kyau ba iyaka.

Benci ya fi tarko, umarninsa uku: "sitat" ka sauke, "fires" ka tura, "rak" ka mayar. Sandar sai ta tsaya cak a ƙirji kafin a ce ka tura, kuma wanda ya saba buga ta a ƙirji ta yi tsalle zai ga kilo da dama sun ɓace masa. Kai da kafaɗu da mazaunai ba sa barin benci, tafin ƙafa na ƙasa, tazarar hannu ba ta wuce santimita 81 tsakanin manuniya biyu. Makonni shida kafin gasa, ka sa abokin atisaye ya riƙa kira maka umarnin, ya kuma riƙa jan lokaci da gangan.

Dedlif umarni ɗaya ne, "dawun". Ka ɗago ka miƙe, gwiwa a kulle, kafaɗu a baya. Sandar ba ta komawa ƙasa ko kaɗan a hanya, ba a kuma jingina ta a cinya ana turo ta. Idan an ce ka sauke, ka raka ta da hannu biyu har ƙasa; sakinta daga sama jar fitila ce. Doguwar safa mai rufe ƙwauri dole ce. Allin shafawa na hannu ne, hoda ta cinya ce, in hodar ta taɓa tafinka sanda za ta sulluɓe.

A gasar farko kada ka wahalar da kanka da rage ƙiba don shiga rukunin kilo 74 ko 83. Ka hau sikeli yadda kake. Awo yana farawa awa biyu kacal kafin ɗagawa, jikin da aka ƙona wa ruwa ba ya farfaɗowa a wannan ɗan lokaci. Atisaye mai nauyi na ƙarshe ya kasance kwana bakwai zuwa goma kafin ranar, abinci kuma wanda cikinka ya sani.

A ɗakin ɗumama jiki, mai buɗewa da 135 zai iya bin sanda zalla, 60, 90, 110, ya tsaya a 125 sau ɗaya, saura kamar minti goma a kira shi. Ka auna tsayin marataya, wato inda ake ɗora sanda, tun da wuri ka rubuta lambar, don da an ce an ɗora sanda agogo ya fara, minti ɗaya ne kafin ka soma ɗagawa.