Yadda ake auna kaurin gashi da hasken leza

Hasken tocila kamar mutane ne da suka taso daga kasuwa, kowa da takunsa. Na leza kuwa sojoji ne a fareti: zango ɗaya, ƙafa tana sauka tare. Da wannan daidaiton taku za ka auna kaurin silin gashi, abin da rula ba ta iyawa.

Ka nemi ƴar leza ja irin wadda ake rataya wa makulli, da silin gashi, da kwali, da salatif, da tef ɗin tela. Kada ka haska lezar a idon kowa, ko da wasa, don tana lahanta gani.

Da farko ka yanke ƴar taga a kwalin, ka miƙar da gashin a tsaye a tsakiyarta, ka manne shi sama da ƙasa. Sai ka kafa kwalin a kan tebur, mita 2 daga farin bango. Ɗora lezar a bayansa, ka danne maɓallinta da salatif. In ka riƙe da hannu rawa za ta yi, ka sha wahala a banza. Kashe fitila, ka saita hasken har ya bugi gashin.

Za ka ga ɗigo mai ƙarfi a tsakiya, da gajerun layukan haske jere dama da hagu, duhu na raba su. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari. Hasken ne ya ratsa ta gefen gashin biyu ya sake haɗuwa. Inda tudun igiya ya gamu da tudu, haske ya ƙaru. Inda tudu ya gamu da kwari, sun kashe juna. Gwada da tocilar waya, inuwa kawai za ka samu, domin launukanta da yawa ne kuma takunsu ya saɓa. Thomas Young ya nuna wa masana irin wannan a Landan a 1803 da hasken rana da siririn kati, amma sai da ya fara tace hasken ta ƙaramin rami. Leza ba ta zo ba sai 1960, a hannun Theodore Maiman.

Yanzu awo. A gefe ɗaya, auna daga tsakiyar wani duhu zuwa tsakiyar na kusa da shi. Gara ka auna tazara huɗu a haɗe ka raba huɗu, kuskure ya fi raguwa. Zangon irin wannan jar leza, wato nisan tudu zuwa tudu a igiyar haskenta, milimita 0.00065 ne. Ninka shi da nisan bango, milimita 2000, ka sami 1.3, sannan ka raba da tazarar da ka auna. In milimita 16 ce, kaurin gashin milimita 0.08 ke nan. Ka lura, siririn gashi shi ke ba da tazara mai faɗi.

  

In koriyar leza ce a hannunka, sa 0.000532 a maimakon 0.00065 a lissafin.