Kurakuran da aka fi yi wajen shirin jarabawar tsakiyar zango ta koyon na'ura

Ɗalibai da yawa suna shan wahalar karatu a darasin koyon na'ura (machine learning, wato koya wa kwamfuta gano tsari daga bayanai), amma duk karatun a gaban kwamfuta suke yin sa, alhali sau da yawa da biro da takarda ake zama jarabawar. Wanda ya saba buɗe scikit-learn, tarin kayan aikin koyon na'ura, ya rubuta layi uku na harshen kwamfuta Python samfuri ya fito, wato tsarin lissafin da ke yin hasashe daga bayanai, ranar jarabawa abin da ke faruwa a cikin layukan nan za a tambaye shi. A nan gizo ke saƙa.

Ɗauki dabarar gangarawa, wadda ake rage kuskuren samfuri da ita taki bayan taki. Kowa ya haddace ƙa'idarta, amma kaɗan ne suka taɓa lissafa ta da hannu. Gwada yanzu. A ce w nauyi ne, wato lambar da samfuri ke gyarawa yayin horo, kuskuren kuma shi ne w², gangarensa 2w ke nan, ka fara daga w = 4. A kowane taki, gangare sau girman taki ake cirewa daga w. Idan girman takin 0.1 ne, za ka sauka a 3.2, ka matso kusa da sifili. Idan ka ɗaga shi zuwa 1.1, za ka tsallake zuwa −4.8, daga can ka dawo 5.76, kullum kana ƙara nisa. Wanda ya yi wannan lissafi da kansa ba zai daburce ba in an tambaye shi dalilin da ya sa kuskure ke hauhawa ana cikin horo. A ganina wannan aiki na minti biyar ya fi maimaita shafukan lacca amfani.

Haka abin yake da matiris, wato teburin lambobi mai layuka da ginshiƙai. Kafin ka ninka komai, rubuta girman kowanne a gefe. Idan X na da layuka 100 da ginshiƙai 5, dole w ya zama 5 × 1, sakamakon kuma 100 × 1. Girman da bai dace ba zai tona maka kuskure tun kafin ka cika shafi da shi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne na rabon bayanai, domin yana bin mutum har wurin aiki. Kashi uku ne: na horo, na tantancewa, da na gwajin ƙarshe. Ɗalibi zai zaɓi saitin samfurinsa ta hanyar duba kashin gwaji sau da sau, sannan ya kawo makin a matsayin shaidar ƙwarewa. Wannan makin ya riga ya gurɓata. Da kashin tantancewa ake zaɓen saiti, ko a raba bayanan horo gida 5 ko 10 ana juya su, shi kuwa kashin gwaji sau ɗaya ake taɓa shi, a ƙarshe. Wannan yoyo ne, wato bayanan gwaji su tsiyaya cikin horo, kuma akwai wanda ya fi shi ɓuya: ka daidaita ma'aunin bayanai da matsakaicin dukkansu kafin ka raba. Daga kashin horo kaɗai ake fitar da matsakaicin, sannan a yi amfani da shi a kan sauran. Malamai na son kawo irin wannan aikin su ce a nemo inda aka yi ɓarna.

Sai karanta alamu. Kuskure kaɗan a horo, mai yawa a tantancewa, samfurin ya haddace bayanan ne, maganinsa ƙarin bayanai, ko sauƙaƙa shi, ko ɗora wa nauye-nauyensa tara don kada su yi girma. In kuwa kuskuren ya yi yawa a duka biyun, samfurin ya yi sauƙi da yawa, kuma ƙarin bayanai ba zai cece shi ba. Mutane na juya waɗannan biyun idan lokaci ya ƙure. Game da tarar, ka san bambancin nau'o'inta biyu, L1 da L2: L1, wato Lasso da Robert Tibshirani ya gabatar a 1996, tana iya mayar da wasu nauye-nauye sifili cak, L2 kuwa rage su take yi kawai.

Kada kashi cikin ɗari ya ruɗe ka. Cikin mutum 1,000 a ce 10 ne ke ɗauke da cuta. Samfurin da ya ce kowa lafiya lau ya ci kashi 99, amma bai gano mara lafiya ko ɗaya ba. Tambayoyi biyu za ka riƙa yi: cikin waɗanda ya ce suna da cutar nawa ne gaskiya, kuma cikin masu ita nawa ya kamo? Zana teburi mai gida huɗu da ke haɗa abin da samfurin ya ce da abin da yake gaskiya kafin ka taɓa lissafi.

Wasu kuma suna tsallake darussan farko suna gaggawar zuwa cibiyoyin jijiya masu zurfi, wato manyan samfura masu matakai da yawa. Jarabawar tsakiyar zango ta fi tsayawa a tushe. Fasaftiron ɗin Frank Rosenblatt na 1958, samfuri mai sauƙi da ke raba bayanai gida biyu, layi miƙaƙƙe kawai yake iya ja, shi ya sa ya gaza a matsalar XOR, gazawar da Marvin Minsky da Seymour Papert suka yi bayaninta a 1969. Zana ɗigon XOR huɗu, (0,0) da (1,1) a rukuni ɗaya, (0,1) da (1,0) a ɗayan, ka nemi layi ɗaya da zai raba rukunonin, za ka ga dalilin da idonka.

Tambayoyin shekarun baya ba na karantawa tare da amsa ba ne. Rufe amsar, sa agogo, ka warware. In an yarda a shiga da takardar tuni, rubuta taka da hannunka, ka cika ta da abubuwan da suka kayar da kai a wannan atisayen. A zauren kuma ka nuna kowane mataki, domin malamai da dama suna ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kauce.