Shirya tirelar kwana kafin ƙetare Nullarbor

Masu zuwa gaida 'yan uwa a Yammacin Ostareliya sun yi ta tambayata yadda ake shirya tirelar kwana kafin ƙetare Nullarbor, wani faffaɗan fili busasshe a kudancin ƙasar. Daga garin Ceduna a Kudancin Ostareliya zuwa garin Norseman a Yammacin Ostareliya kusan kilomita 1,200 ne, kuma babu wani babban gari a tsakani.

1. Ku jera kaya masu nauyi a ƙasa, saitin tayoyi.

Hattara: nan aka fi yin kuskure. Nauyi in ya koma baya, da zarar babbar mota ta gifta sai tirela ta fara lilo, ta ja motar.

2. Ku auna ta a sikeli bayan lodi.
3. Ku duba iskar taya da sassafe, har da safaya.
4. Ku maƙala sarƙoƙin tsaro.
5. Ku gwada birki da sigina, wani na baya yana dubawa.
6. Ku rufe tukunyar gas.
7. Ku cika tankin ruwa.
8. Ku sha mai duk inda kuka samu, ko da tsada. Tsakanin wasu gidajen man ya kusa kilomita 200.
9. Ku cinye 'ya'yan itatuwa, ganye da zuma kafin Border Village, shingen bincike a iyakar Yammacin Ostareliya. Jami'ai za su karɓe, ko da tsaraba ce.
10. Ku yada zango kafin magariba, lokacin kangaru ke fitowa titi.
11. Ku sanar da masu jiranku inda kuka kwana.