Madannan Mota: Kurakuran da Ke Kashe Su da Yadda Za a Gyara

Idan aka ɓalle madannin gilashin mota ko na wutar gargaɗi, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba: murfin da yatsa ke taɓawa, 'yan layukan roba da murfin ke bi don kada ya karkace, sifirin ko 'yar tulluwar roba mai maido da shi, sai ƙarafa biyu da ke haɗuwa wuta ta wuce. Amma kowanne da awonsa aka yi shi. An auna ƙarfin da yatsa zai sa, da zurfin da murfin zai nutse, da saurin da ƙarafan za su rabu. Wannan 'yar ƙarar "ƙas" da kake ji ita ce shaidar cewa sun haɗu ko sun rabu farat ɗaya. Idan suka rabu a hankali, tartsatsi ne zai tsaya tsakaninsu yana cin su. Yawancin ɓarnar da muke yi wa madanni, daga rashin sanin wannan awon take tasowa.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma ya fi haɗari, shi ne fesa mai. Madanni ya fara cijewa, sai direba ko yaron gareji ya ɗauko man kwance tsatsa ya fesa, wani ma baƙin mai zai ɗiga. A ranar zai yi laushi, kowa ya ji daɗi. Bayan nan man zai kama ƙurar hunturu ya zama taɓo, tartsatsi ya ƙona shi ya zama gawayi, gawayin kuma yana barin wutar lantarki ta bi ta inda ba a so. A watan Oktoba na 2012 kamfanin Toyota ya yi kiranyen motoci kusan miliyan 7.4 a duniya, wato ya nemi a dawo da su don gyara, saboda babban madannin gilashi na ɓangaren direba. Giris ɗin da aka shafa a masana'anta bai bazu daidai ba, madannin ya riƙa cijewa, kuma kamfanin ya yi gargaɗi cewa sa masa man kasuwa na iya jawo narkewa da hayaƙi, har da gobara. Cikin motocin akwai Camry da Corolla da RAV4 na wajajen 2007 zuwa 2009, irin waɗanda suka cika titunanmu a yau. Kamfanin da ya ƙera motar ma sai da ya koma ga giris na musamman mai jure zafi. Don haka gyaran shi ne a cire madannin, a buɗe shi a kan farin ƙyalle don kada 'yan ƙarafan su ɓace, a wanke da maganin wanke kayan lantarki ko sifirit, a bari ya bushe. Giris kaɗan ne, irin wanda ba ya cin roba, kuma wurinsa layukan da murfi ke gogawa. Idan ka ga robar ta yi baƙi ko ta lanƙwashe saboda zafi, maganar wanki ta ƙare, sai canji.

Fetur kuwa a nisanta shi da madanni gaba ɗaya. Yana kumbura tulluwar roba ta daina dawowa, yana kuma sa murfin ya tsage.

Sai kankare ƙarafa. Mai wayarin ya ga baƙi a bakin ƙarfe, sai ya sa sanfefa ko bakin sukundireba ya kankare har ya yi ƙyalli. Abin da ya kankare ɗin siririn rufi ne na azurfa, a wasu ma na zinariya, wanda ke hana tsatsa. Da ya tafi, jan ƙarfen da ke ƙasa zai yi duhu da wuri, mai mota ya dawo da ƙorafi iri ɗaya. Auduga da sifirit sun wadatar, ko a zura farar takarda mai kauri tsakanin ƙarafan a ja. A madannan sitiyari da na rediyo, ɗan baƙin ɗigon da ke ƙarƙashin roba shi ne ke haɗa wutar, kada a ɗauke shi datti a goge.

Miƙe sifirin da hannu don ya "ƙara ƙarfi" shi ma ɓarna ce. Sifirin da aka ja ya riga ya bar awonsa, ba zai daɗe ba zai sake kwanciya. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya tuna da abin da ya faru da motocin kamfanin General Motors a 2014. Can makunnin saka makulli ne, amma matsalar ta sifirin ce da ɗan sandan da ke riƙe shi a mazauninsa: sun gaza awo da ƙasa da milimita 2, makulli ya riƙa juyawa da kansa, inji ya mutu ana tafe, jakar iska ta ƙi buɗewa. Asusun diyyar kamfanin ya amince da mutuwar mutum 124.

Direbobi ma da nasu laifin. Gilashi ya kai ƙarshe amma yatsa na kan madanni. A tsofaffin motoci duk wutar da ke juya injin gilashin ta cikin madannin take bi, kuma lokacin da injin ya tokare ne ya fi jan wuta. Gilashin da ke tafiya da ƙyar, robar hanyarsa ce ke son wanki. Ga kuma barin gilashi a buɗe da damina, da masu wankin mota da ke watsa ruwa a jikin ƙofa ta ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne madannin aro. Ham ya mutu, sai a huda dashbod a dasa madannin kasuwa, a ja masa waya kai tsaye ba rile (ɗan makunnin da ke ɗauke wa madanni nauyin babbar wuta), wani lokacin ba fiyus. Lambar amfiya da ke jikin irin wannan madanni sau da yawa ta wutar gida ce, alhali wutar batir ta fi wuyar yankewa domin tartsatsinta ba ya mutuwa da kansa. A sa rile ya ɗauki nauyin, a sa fiyus daidai kaurin wayar. Idan za ka kasuwar kayan mota irin ta Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman na asali, tafi da tsohon a hannu, ka gwada lambar jikinsa da yawan ƙafafunsa, domin biyu na iya kama da juna a fuska su bambanta a ciki.

Inda aka dasa madannin ma abin lura ne, don direba da yatsa yake neman sa, idonsa na kan titi. A ƙarshen 2014 Ford ya yi kiranyen Lincoln MKC saboda madannin kashe inji yana dab da madannan giya, mutane na kashe mota ana tafe, dole aka canza masa wuri. Kada a dasa makunnin yanke wuta ko mai kusa da abin da ake yawan dannawa, ko inda gwiwa za ta taɓa. Kuma duk mai motar da ake tayarwa da madanni ya duba littafinta ya san yadda ake kashe ta ana tafe idan totur ya maƙale. A motocin Toyota da yawa sai an danne shi kimanin daƙiƙa 3, taɓawa ɗaya ba ta yin komai, kuma kafin a kai ga haka a fara mai da giya N, wato furi, a taka birki da ƙarfi.