Yadda na kwashe hotunan kwastomomi zuwa sabon rumbu

Shagona na ɗaukar hoto yana Jekadafari, cikin Gombe. Bana muka bar tsohon rumbunmu na intanet, inda hotunan biki da suna da tamburan 'yan kasuwa suke jibge, muka koma sabo.

Kafin ka taɓa komai, kwafe duka a faifan ajiya na waje. Tsohon rumbun kuma ka bar shi a buɗe wata guda, domin tsofaffin hanyoyin shiga da ka tura wa mutane za su mutu ranar da ka rufe shi.

Sunayen fayiloli su suka fi cin mini lokaci. IMG_2041 ba ya gaya wa kowa komai. Na mayar da su shekara, taro, unguwa: 2023-biki-Pantami. Dare nake lodawa, lokacin da intanet ta fi sauƙi.

Izini kuwa, ba kwastoma damar kallo da saukewa kawai. Wata Hajiya da na ba damar gyara ta share hotunan kamun 'yarta da yatsa ɗaya, faifan nan ne ya cece ni.

Kada ka tura wa kwastomomi dogon bayani, ba sa karantawa. Saƙon murya nake yi: "Hajiya, ki danna shuɗin rubutun nan, ki shiga da imel ɗinki." Wanda zai kwafe nasa zuwa Google Drive, ina tuna masa kyautar 15GB ce, kuma Gmail ma daga ciki yake ci.