Yadda ake sare tsohuwar bishiya a harabar masallaci

Kafin a ɗauko injin yankan itace, a fara bugun gindin bishiyar da ƙeyar gatari. In ta amsa kamar ganga, akwai kogo, gara ta cinye cikinta. Tsofaffin darbejiya da durumi da ceɗiya sun saba haka, kana ganin ganye shar a sama alhali ciki fanko. Idan kuma ƙasa ta tsage ko ta ɗago a gefe guda, saiwa ce ta saki, kada a bari damina ta same ta.

Kwamitin masallaci ya nemi izini daga jami'an gandun daji na ƙaramar hukuma. In wayar lantarki ta bi ta cikin rassan, sai ma'aikatan wuta sun zo sun yanke wutar. A fara da hantsi, ban da ranar Juma'a da ranar iska. A kori yara da almajirai nisan da ya ninka tsawon bishiyar sau 2.

Inda masu koyo ke kwafsawa shi ne kayar da mai kogo ɗungurungum. Lafiyayyar bishiya ana yi mata baki ta ɓangaren da ake son ta faɗi, zurfin kashi 1 cikin 4 na kaurinta, sannan a yanko ta baya, sama da bakin da kamar yatsu 2, a bar ɗan itace tsakani. Wannan ɗan itacen ne linzaminta. Mai kogo ba ta da shi. Ɓawo ne kawai ke riƙe da ita, yana karyewa za ta juya ta faɗi inda ta ga dama, ko kan kwano, ko kan katanga, ko kan mai yankan.

Don haka daga sama ake rage ta. Mai hawa ya ɗaure ƙugunsa da igiya, kuma ya duba kogon tukuna, ƙudan zuma na son irin wurin. Kowane reshe a ɗaure shi, a ratayo igiyar ta wani reshe mai ƙwari, mutum 3 su riƙe a ƙasa. A fara tsaga reshen ta ƙasa kaɗan kafin a yanko ta sama, in ba haka ba zai ɓare ya fizgo ɓawo. Gunduwa kada ta wuce mita 1. Aikin zai ci yini, kuɗin mai inji zai ƙaru, amma bai kai kuɗin sabon rufi ba. In ruɓar ta kai sama, ba a hawa ma, sai a kafa abin takawa a gefe.

A lalubi ƙusoshin da aka taɓa rataye lasifika, suna lalata sarƙar inji.

Kututturen darbejiya yana sake toho, a tone shi da saiwarsa a cike ramin. Itacen kuwa dukiyar masallaci ne, kwamiti ya sayar ya zuba a asusu.