Yadda za ka hana shaf da giyabos karyewa a mota mai ja da tayu huɗu

A motar da ke ja da tayu biyu, idan ƙarfi ya yi yawa taya ce ke sulɓewa. A mai ja da huɗu kuwa tayun sun riƙe ƙasa gam, sai nauyin ya koma kan ƙarfe, wato giyabos da shaf, sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa taya. Ga yadda za ka kiyaye.

Da farko, lissafa ƙarfin murɗawar da ke isa ƙafafu. A ce injinka na bayar da Nm 250 (Nm ma'aunin ƙarfin murɗawa ne). Giya ta ɗaya ta ninka shi sau 3.5, difaranshal, na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin tayu, ya sake ninkawa sau 4, ya zama Nm 3,500. Shi ya sa shaf ya fi ɗaukar nauyi a giya ta ɗaya. Duk wanda zai ƙara wa inji ƙarfi ya fara tambayar iyakar giyabos ɗinsa. Masu Subaru WRX sun san giyabos mai giya 5 bai kai mai giya 6 na STI, samfurin WRX da ya fi ƙarfi, juriya ba.

Na biyu, guji fizga, domin ita ce ke karya ƙarfe fiye da ƙarfin injin kansa. Kada ka saki kuloci lokaci guda injin na ihu. In ka kafe a yashi ko taɓo, taya na juyawa a banza, ɗaga ƙafa daga totur. Da zarar tayar ta cafki ƙasa mai tauri tana cikin wannan gudun, shaf ne zai biya. Kuma miƙe sitiyari kafin ka taka, don gaɓar shaf ta fi rauni idan an karya kan mota har ƙarshe.

Na uku, tayu huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu ma ta zo kusa. Nan ne mutanenmu suka fi yin asara: a sayi 'yar Beljiyam guda ɗaya a haɗa da tsofaffi uku. Bambancin kewayen yana sa na'urar raba ƙarfi ta tsakiya aiki ba hutu, har ta yi zafi ta lalace.

Sai mai. Difaranshal na bayan Honda CR-V yana da nasa na musamman, Dual Pump Fluid, ba man giya na gama-gari ba. In ka ji gurnani a baya lokacin kwana, ka gaya wa bakanike ya fara duba man.

Idan motar ta mutu a hanya, kada janwe ya ɗaga gaba ya bar tayun baya suna birgima. A ɗora ta gaba ɗaya a bisa.